Ciwon Hanta: Yadda Ƙwayar Cutar Ta Bijire wa Maganina na Farko

Ni haifaffen birnin Katsina ne, a nan nake koyarwa a wata makarantar sakandare, kuma ina ɗauke da ƙwayar cutar ciwon hanta nau'in B tun kafin in san kaina. Na daɗe ina ɓoye wannan magana ga kowa in ban da iyalina da likitana, domin a garinmu da zarar an ji wane yana da ciwon hanta sai a fara ware masa kwano da moɗa, wasu ma su riƙa yi masa kallon wanda kwanansa ya kusa ƙarewa. Abin da ya sa na ga ya kamata in rubuta labarina shi ne yawan mutanen da nake tararwa a layin asibiti waɗanda har yanzu ake maimaita musu abin da ya same ni, alhali kuwa ilimin da zai hana hakan ya samu, magani mai inganci ma ya iso ƙasarmu.

A shekarar 2010 na san ina da cutar. Maiɗakina ta zubar da jini sosai wajen haihuwa, aka ce a kawo masu ba da jini, na miƙa hannuna ba tare da tunanin komai ba, tunda ko zazzaɓi ban cika yi ba. Ma'aikacin ɗakin gwaji ya ɗiga jinina a kan wani ɗan tsinke, ya jira kaɗan, sai layi biyu suka fito. Ya ja ni gefe ya rage murya ya ce, "Malam, ka yi haƙuri, naka ba zai yiwu ba. Ka nemo wani, kai kuma ka daure ka ga likita." Wani abokin aikina ne ya ba da jinin a ranar, Allah ya tashi kafaɗun maiɗakina, ni kuma na koma gida da nauyin da ban san inda zan ajiye shi ba.

Da aka gwada gidanmu sai aka ga maiɗakina ba ta da shi, aka yi mata allurar rigakafi sau uku kamar yadda aka tsara, yaranmu ma aka tabbatar an yi musu. Amma a ɗakinmu na haihuwa labarin ya sha bamban, domin Hajiya mahaifiyarmu tana da shi, Yaya babban wanmu yana da shi, haka ma wata ƙanwata. Likitan da ya duba takardun ya bayyana mana cewa a ƙasashe irin namu yawancin masu ɗauke da nau'in B tun suna jarirai ko suna ƙananan yara suka kamu, ko daga uwa a lokacin haihuwa, ko ta hanyar jini da ƙarfe mai kaifi, irin su askin suna, da cire belu, da tsaga, da kaciyar da ake yi wa yara a jere da aska ɗaya. Ya ce jaririn da ya kamu, cikin goma kusan tara cutar za ta zauna musu har girma, amma baligin da ya kamu, cikin ɗari ba a cika samun biyar da za ta zauna musu ba, jikin sauran yana korar ta da kansa. Ya kuma nanata cewa ba a ɗaukar ta ta cin abinci a kwano ɗaya, ko musabaha, ko gumi, ko tsayuwa kafaɗa da kafaɗa a sahun salla.

Hajiya ta fi kowa shiga damuwa, don ta ɗauka ita ta jawo mana. Ta yi kwanaki ba ta cin abincin kirki, sai da na zauna na fahimtar da ita cewa a lokacin da ta haife mu babu allurar rigakafin wannan cuta ko a Turai, domin sai a farkon shekarun 1980 aka fara amfani da ita, Najeriya kuwa sai a 2004 ta sa ta cikin alluran da ake yi wa jarirai. Ba gidanmu kaɗai ba ne. Binciken da aka gudanar a faɗin ƙasar nan a 2018 ya nuna cewa kashi 8.1 cikin ɗari na mutanen da ke tsakanin shekara 15 zuwa 64 suna ɗauke da nau'in B, kashi 1.1 kuma suna da nau'in C. Idan na tsaya gaban taron iyayen yara a makarantarmu nakan tuna da wannan lissafi, in ce a raina cikin kowane mutum goma sha biyu da ke zaune akwai yiwuwar ɗaya irina ne, kuma mai yiwuwa bai sani ba.

A wani ƙaramin asibitin kuɗi aka fara ɗora ni a kan magani. An auna sinadarin ALT, wanda yake hauhawa a jini idan hanta tana kumburi, aka ga nawa ya ɗan haura, sai aka rubuta mini lamibudin, ƙwaya ɗaya kullum. Ba a yi mini gwajin yawan ƙwayar cutar a jini ba, wanda ma'aikatan asibiti ke kira bairal lod, saboda a lokacin sai an aika da jinin wani gari kuma kuɗinsa ya fi ƙarfin albashina. Ba a kuma gaya mini cewa maganin yana da wata matsala ba. Yana da araha, ana samun sa a kemis, ba ya sa ni jiri ko tashin zuciya, don haka na riƙe shi da gaske. Na ajiye kwalinsa a kan tagar da nake ajiye carbina, ina idar da sallar asuba sai in haɗiye, ko tafiya zan yi shi ne farkon abin da ke shiga aljihuna. A shekara ta farko ALT ɗin ya sauka, na yi hamdala, na ɗauka an gama.

Wajen shekara ta huɗu sai jikina ya fara sauyawa. Ina shiga aji na biyu sai in ji kamar na yini ina noma, abinci ya fita daga raina, fitsarina ya koma kalar shayin da ba a sa wa madara ba. Wata safiya maiɗakina ta tsaya ta dube ni a hasken tsakar gida ta ce, "Malam, tsaya in ga idonka," ta ja fatar idon ƙasa da yatsa, sai na ga fuskarta ta canza. Farin idona ya zama rawaya. Makwabta suka ce shawara ce, aka kawo mini jiƙe-jiƙe iri-iri cikin kyakkyawar niyya, amma wani tsohon ɗalibina da ke aikin jinya ya roƙe ni kada in sha komai, ya kuma yi mini hanyar ganin ƙwararren likitan hanta a Kano.

Wannan likita shi ne mutum na farko da ya zauna ya yi mini bayanin cutar da nake ɗauke da ita. Ya sa aka yi bairal lod, sakamako ya fito da miliyoyi. Na ce masa, "Ranka ya daɗe, wallahi ban taɓa wasa da maganin nan ba." Ya ce ya yarda da ni, kuma ba daga gare ni matsalar take ba. Ya tambaye ni ko ina noma, na ce ina taɓa wake a gonar gado ta hanyar Batsari. Ya ce to in tuna manomin da ke fesa wa wakensa magani marar ƙarfi iri ɗaya kowace damina: ƙwari masu rauni za su mutu, 'yan kaɗan masu taurin rai za su tsira su hayayyafa, bayan 'yan shekaru gonar duk jikokinsu ne, feshin kuma ya zama wankan ruwa a gare su. Haka ya faru a cikin hantata.

Daga baya na karanta na ƙara fahimtar yadda abin yake. Ƙwayar cutar tana buga kwafin kanta biliyoyi a kowace rana, kuma sinadarin da take amfani da shi wajen wannan aiki ba ya komawa ya gyara kuskuren da ya yi, saboda haka kullum ana samun 'ya'yan da suka ɗan bambanta da uwarsu. Aikin lamibudin shi ne ya shiga cikin wannan sinadari ya tsayar da shi. Amma sauyi ƙwaya ɗaya tak a wani gurbi da masana suka ba lamba 204 ya isa ya hana maganin kama wurin, daga nan sai wannan sabon iri ya ci gaba da yaɗuwa ko da mutum yana shan maganinsa ba fashi. An amince da lamibudin don ciwon hanta nau'in B a 1998, kuma a lokacin babban ci gaba ne, tunda shi ne ƙwaya ta farko da ake haɗiya a madadin allurar intaferon. Sai dai ba a jima ba aka gano cewa a shekarar farko kusan mutum ɗaya cikin biyar cutar take bijire masa, bayan shekara biyar kuwa adadin yana kaiwa wajen kashi 70 cikin ɗari. Abin da ya fi ci mini rai shi ne an san wannan tun kafin a rubuta mini shi, kuma magungunan da suka fi shi sun riga sun fito.

Kafin in je Kano wani aboki ya ba ni sunan entekabir, ya ce shi ne mai ƙarfi, har ya yi mini tayin sayo mini. Da na ambata wa likita sai ya girgiza kai ya ce, "Malam, da tun farko da shi aka fara maka, da ya yi. Yanzu kam ba naka ba ne." Dalili shi ne entekabir, wanda ya fito a 2005, sai ƙwayar cuta ta tara sauyi uku kafin ta fi ƙarfinsa, shi ya sa a cikin waɗanda ba su taɓa shan wani magani ba kusan mutum ɗaya cikin ɗari ne kawai take bijire masa a shekara biyar. Amma wanda lamibudin ya riga ya gaza a jikinsa, galibi ƙwayar cutar da ke jikinsa ta riga ta sami biyu daga cikin ukun nan, saura ɗaya, don haka kusan rabin irin waɗannan marasa lafiya entekabir ɗin ma yana gazawa a cikin shekara biyar. Wato maganin farko marar ƙarfi bai tsaya ga gazawa ba, ya ma rufe mini ƙofar ɗaya daga cikin magunguna biyu mafi inganci da ake da su. Ina roƙon duk mai sayar da magani da ke karanta wannan ya tsaya ya yi tunani a kan wannan batu kafin ya miƙa wa wani lamibudin shi kaɗai don kawai ya fi araha.

Ƙofar da ta rage mini ita ce tenofobir, wanda aka amince da shi don wannan cuta a 2008. Sauyin da ke kayar da lamibudin ba ya tasiri a kansa, kuma a binciken da aka bi marasa lafiya shekaru masu yawa ba a ga cutar tana bijire masa ba. Kafin a ba ni sai da aka yi mini gwajin HIV, domin maganin yana aiki a kan cututtukan biyu, kuma idan mutum yana da HIV bai sani ba ya sha tenofobir shi kaɗai, ita ma waccan ƙwayar za ta koyi bijirewa. An kuma auna lafiyar ƙodata, saboda maganin yana iya taɓa ƙoda da ƙashi a jikin wasu, shi ya sa har yau ake maimaita mini wannan awo. Akwai sabon samfurinsa da ya fito a 2016 wanda ya fi sauƙi ga ƙoda, amma ya fi tsada, kuma likita ya ce ba na bukatarsa. Cikin 'yan watanni idona ya washe, ƙarfina ya dawo, bayan kamar shekara guda aka sake bairal lod aka ce na'ura ba ta ga komai ba. A 2015 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da ƙa'idojinta na farko kan wannan cuta, ta ce da tenofobir ko entekabir za a riƙa farawa, a bar magungunan da cutar ke saurin bijire wa.

Da na ji an ce ba a ga komai ba, tambayar da na fara yi ita ce yaushe zan daina shan magani. Likita ya gyara zama ya ce in saurare shi da kyau. Ƙwayar nau'in B tana ajiye wani ɗan zoben asalinta a can cikin tsakiyar ƙwayoyin hanta, inda maganin da ake da shi yanzu ba ya iya tumɓuke shi. Magani yana hana ta hayayyafa ne kawai, idan aka janye shi sai ta farka, wani lokaci ma ta dawo da ƙarfin da zai sa hanta ta kumbura farat ɗaya har ta daina aiki. Saboda haka yawancinmu shan magani ne na tsawon rai, sai dai idan likita ne da kansa ya ga dalilin tsayarwa yana kuma bibiya. Ban ji daɗin wannan amsa ba a ranar, amma na karɓe ta. Da azumi ina shan ƙwayata bayan buɗa-baki, tunda sau ɗaya ce a yini ba ta taɓa shiga tsakanina da ibada ba.

Yaya bai sami wanda ya zauna ya yi masa irin wannan bayani da wuri ba, kuma lokacin da na zo masa da shi zuciyarsa ta riga ta karkata wani wuri. Fataucin hatsi yake yi, yau yana Ɗandume, gobe Dawanau, jibi Mai'aduwa. An ɗora shi a kan lamibudin tare da ni, amma yakan sha idan ya tuna, ya bari idan kwali ya ƙare yana kan hanya. Ana nan sai ya haɗu da wani mai maganin gargajiya, irin masu kafa lasifika a kan mota ranar kasuwa, wanda ya yi masa alkawarin warkewa cikin kwana arba'in. Ya sayar masa da jarkoki na wani jiƙo mai ɗaci da kuɗi masu yawa, bayan ya shanye kuma ya tura shi wani ɗakin gwaji da shi ya zaɓa, aka ba shi takarda cewa cutar ta fita. Na je har gida na same shi a zaure na ce, "Yaya, don girman Allah mu je a sake gwajin nan a asibiti, ni zan biya." Ya yi murmushi ya zaro takardar daga aljihun gaba, ya lallaɓa ta a kan gwiwarsa ya ce, "Kai dai boko ya yi maka yawa. Ga shaida a rubuce, kuma dube ni, ina ciwon yake?" Gaskiya ne, a ido ya fi ni ƙiba da kuzari. Wannan ita ce muguntar cutar, hanta ba ta kuka sai ɓarna ta yi nisa.

Ba ni da rigima da maganin gargajiya a kan kansa, da shi aka rene mu, kuma na san masu wannan sana'a da ke tsoron Allah, waɗanda idan abu ya fi ƙarfinsu suke cewa a tafi asibiti. Rigimata da wanda zai karɓi kuɗin bawan Allah ya ce masa ya warke daga cutar da har yau manyan masanan duniya ba su kai ga tumɓuke ta ba, ya raba shi da maganin da ke tsare masa rai, ya kuma ɗora wa hantar da ta riga ta gaji aikin tace abin da ba wanda ya san sinadarin da ke cikinsa.

A 2017 Yaya ya fara ramewa ta sama, cikinsa kuma yana girma, har ya daina iya ɗaura tazugen wandonsa sai dai zani. Da muka kai shi aka yi hoton ciki, aka ga hantar ta motse ta yi tabo ko'ina, ga kuma ƙari babba a ɓangaren dama. Likita ya tambayi sana'arsa, da ya ji hatsi ne sai ya ƙara tambaya ko yana yawan cin gyaɗa da masarar da ta sha danshi a ajiya. Ya ce akwai wata guba mai suna afalatoksin da funfuna ke haifarwa a irin wannan amfanin gona, kuma idan ta haɗu da ciwon hanta nau'in B haɗarin kamuwa da sankarar hanta yana ninkawa sosai. Yaya kuwa al'adarsa ce ya riƙa jefa gyaɗa a baki yana ciniki, har da wadda aka tsince aka ware. An ce mana da ana yi masa hoton ciki duk wata shida, kamar yadda ake so a yi wa masu haɗari irinsa, da wataƙila an ga ƙarin yana ƙarami a lokacin da za a iya yin wani abu. An zuƙe masa ruwan cikin, an ba shi maganin rage raɗaɗi, muka dawo da shi gida. Hajiya, wadda saboda alkunyar ɗan fari ba ta taɓa kiran sunansa ba, ita ce ta zauna a gefen tabarmarsa tana ɗiga masa ruwa a baki da cokali. Bai kai ƙarshen damina ba. Allah ya jiƙansa, ya sa jinya ta zama kaffara. Kwana ya ƙare, wannan na yi imani da shi, amma an umarce mu da neman magani, kuma magani na gaskiya yana nan a lokacin.

A layin asibitin Kano na saba da wani dattijo ɗan kasuwar yadi daga Daura, shi nau'in C yake da shi, kuma ta wurinsa na ga irin nisan da aka yi a ɗaya ɓangaren. Shekarun baya ya kashe dukiya a kan allurar intaferon da ƙwayar ribabirin, jinyar da ake yi har mako 48, wadda ke sa zazzaɓi da ciwon gaɓoɓi da baƙin rai, kuma kusan rabin masu yin ta ne kawai ke warkewa. Shi bai dace ba. A ƙarshen 2013 aka amince da sofosbubir a Amurka, a kan dala 84,000 na mako goma sha biyu, kuɗin da ya sa aka ɗauka ba namu ba ne. Da kamfanonin Indiya da Masar suka fara yin samfurinsa mai rahusa sai farashi ya faɗi ƙwarai. An haɗa wa dattijon nan sofosbubir da daklatasbir, ya sha wata uku, aka jira wasu wata uku aka gwada, aka ce ya rabu da cutar. Ranar da ya kira ni yana cewa, "Malam, an sallame ni," muryarsa rawa take yi. Fiye da kashi 95 cikin ɗari na masu shan waɗannan magunguna suna warkewa, domin ƙwayar nau'in C ba ta da maɓoya a tsakiyar ƙwayoyin hanta irin ta B. Dalilin haɗa magani biyu kuwa darasi ne da aka koya daga irin abin da ya same mu: ita ma tana saurin sauya kama, amma idan aka tare ta a wuri biyu lokaci guda da wuya ta kuɓuce. 'Yan kaɗan da jinyar ba ta karɓe su ba, akwai haɗin magani uku da ya fito a 2017 dominsu. Masana ukun da aikinsu ya kai ga gano ƙwayar cutar nau'in C, Harvey Alter da Michael Houghton da Charles Rice, sun sami kyautar Nobel a 2020. Masar kuwa, wadda ta fi kusan kowace ƙasa fama da nau'in C, ta gwada kusan mutum miliyan 50 cikin watanni bakwai daga ƙarshen 2018, ta ba waɗanda aka samu magani kyauta, har Hukumar Lafiya ta Duniya ta yaba mata a 2023 a matsayin ƙasar farko da ta kai matakin zinare a hanyar kawar da cutar.

Idan na tuna Masar sai in dubi halin da muke ciki. Rahoton hukumar na 2024 ya ce mutum miliyan 254 ne ke ɗauke da nau'in B a duniya, miliyan 50 kuma nau'in C, cututtukan biyu suna kashe mutum miliyan 1.3 a shekara, amma cikin masu nau'in B kashi 13 cikin ɗari ne kawai suka san suna da shi. A nan gida, tenofobir ɗin da muke saye da kuɗinmu yana cikin haɗin da ake bai wa masu HIV kyauta, kuma ina murna da ana ba su, sai dai ban ga dalilin da zai sa a bar mu mu kaɗai da kemis ba. Tun da darajar naira ta faɗi a 2023 nake jin mutane a layi suna cewa sun koma shan ƙwaya yau su tsallake gobe, ko su raba ta biyu, don kwali ya kai su wata biyu. Talauci ne ya sa, ba ganganci ba, amma wannan ita ce hanyar da ke ba cutar damar farkawa. A ganina, da gwamnatin jiha za ta sayi maganin nan da yawa kai tsaye ta sa shi cikin tsarin inshorar lafiya, ta kuma sauƙaƙa kuɗin bairal lod, da kuɗin da za ta kashe bai kai na jinyar masu sankarar hanta ba.

A gidanmu dai mun yi abin da za mu iya. Da ƙanwata ta sami ciki aka auna ta a wajen awo, aka ga bairal lod ɗinta ya haura 200,000, wato iyakar da daga ita haɗarin shafa wa jariri yake ƙaruwa, sai aka ɗora ta a kan tenofobir a watannin ƙarshe. Na roƙi mijinta ya bari ta haihu a asibiti, na kuma tsaya sai da na ga an yi wa jaririyar allurar farko a cikin awa 24 da haihuwa, domin idan aka jira har bayan suna, kamar yadda aka saba, an rasa mafi amfanin lokacinta. Ranar suna wanzamin gidanmu ya zo, na miƙa masa sabuwar reza a cikin takardarta, ya karɓa ba tare da jin haushi ba, ya ce ai yanzu gidaje da yawa haka suke yi. Da yarinyar ta shekara aka gwada ta, ba ta ɗauka ba. Hajiya kuwa, da aka bincika sai aka ga tata ƙwayar a kwance take kuma hantarta lafiya lau, don haka ba a ba ta magani ba, ana dai duba ta lokaci-lokaci, domin ba kowane mai ɗauke da cutar ne ke bukatar magani nan take ba.

Bayan rasuwar Yaya na kwashi 'ya'yansa duka na kai su gwaji. Ƙananan, waɗanda aka haifa bayan an fara yi wa jarirai allura, sun tsira. Babban ne kaɗai aka samu da ita, aka ce a riƙa bibiyarsa. A watan Maris na 2024 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sassauta sharuɗɗan fara magani, ta ce wanda bairal lod ɗinsa ya wuce 2,000 kuma ALT ɗinsa ya haura ƙa'ida a ba shi, haka ma wanda aka taɓa samun sankarar hanta ko motsewar hanta a danginsa na kusa. Da likita ya duba takardun yaron ya kuma ji abin da ya yi ajalin mahaifinsa, sai ya ce babu dalilin jira, aka fara masa da tenofobir kai tsaye. Yana karatu a jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa yanzu, kuɗin maganinsa da nawa tare nake cire su ranar da albashi ya shigo, kuma mun shirya da likita a riƙa haɗa mana ranar hoton ciki da awon ƙoda don mu je tare.